Iliya Tsakanin Shinge Biyu

Ranar Talata ce. Ba a kawo wuta ba tun daren Litinin, don haka yayana Iliya ya zuba gawayi a dutsen guga. Yana tsugune a ƙofar ɗaki yana goge kaftaninsa mai ruwan toka. Ni ina wanke-wanke a bakin rijiya. Mama ta riga ta hau keken ɗinki. Baba ya sha kokonsa, ya rataya rediyo a kafaɗa, ya ce zai leƙa tasha. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ko bayan da ya yi ritaya, kullum sai ya je ya zauna da abokan aikinsa na da, a gindin wata darbejiya da ke kusa da tashar.

Sunana Rifkatu. Shekarata goma sha bakwai a lokacin, ina zaman jiran sakamakon jarrabawa. Iliya ya ba ni shekara huɗu. Muna haya a Fagge, a gidan wata dattijuwa, Hajiya Gambo. Mu kaɗai ne Kirista a gidan. Hausawa ne mu. Iyayenmu daga wani ƙauye suka zo a ƙasar Zazzau, amma ni da Iliya a Kano aka yanke mana cibiya. Ba mu da wani yare sai Hausa. Da ita muke faɗa, da ita muke addu'a, da ita muke waƙa a coci.

A cikin gida wannan ba abin magana ba ne. A waje ne ake tambaya. A Fagge, idan aka ji sunana, sai a ce, “Ke wace ƙabila ce?” In na ce Bahaushiya, sai a yi dariya. A Sabon Gari, inda na yi makaranta, yara suna kirana Aboki, wani lokaci Hajiya. Na gaji. Na koyi Turancin buroka har ya zauna a bakina. Na daina ɗaura ɗankwali, na koma siket. A makaranta na mayar da sunana Rebeka.

Iliya wata hanyar ya bi. Boko bai karɓe shi ba, Turanci bai taɓa zama a bakinsa ba. Ya bar makaranta da wuri, ya kama aiki a shagon atamfa na wani Alhaji a Kantin Kwari. A can Iliyasu suke kiransa, shi kuma yana amsawa. Alhajin ya san addininsa, maƙwabtan shago ma sun sani. In azumi ya zo ba ya cin abinci a gabansu. In Sallah ta zo shi ma ana ɗinka masa shadda. Ranar Lahadi kuwa shi ke kan ganga a cocinmu da ke Sabon Gari, a sujadar Hausa. Yakan ce shi ɗan Fagge ne, wanda bai gane ba ya je ya yi ta tunani.

Da safen nan ina waya da wata ƙawata da buroka. Ya saka kaftanin, ya tsaya yana kallona.

“'Yar Sabon Gari, miƙo min hulata.”

“Malam Iliyasu, ɗauka da kanka.”

Mama ta ce, ba tare da ta ɗago daga keken ba, “Ku dai ba ku da ranar girma.”

Ya ɗauki hular da kansa, ya daki ƙeyata da ita, ya fita.

Wanda ya zauna a Fagge ya san ƙarar Kwari. Ba ta tsayawa. Hon ɗin adaidaita, ihun 'yan dako, kukan janareta. Kunne ya saba da ita har ba a jin ta. Da hantsi ya ɗaga sai ƙarar ta sauya. Na fara jin ana jan ƙofofin ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, sannan da yawa lokaci guda. Janaretoci suka mutu. Daga nan sai takun ƙafafu a lungunmu, gudu, babu mai magana. Mama ta cire ƙafarta daga keken. Warin taya ya shigo tsakar gida.

Har yau ban san ainihin abin da ya tayar da rikicin ba. Wasu sun ce siyasa ce. Wasu sun ce wata magana ce wani ya faɗa a wani wuri. A ranar babu wanda ya tsaya ya yi mana bayani.

Iliya ya shigo yana haki, hularsa a hannu. Ya ce Alhaji ya rufe shago, ya ce masa ya wuce gida kada ya tsaya ko'ina. Mama ta ce in kira Baba. Na kira. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Na sake kira, ta ƙi shiga.

Hajiya Gambo ta rufe ƙofar soro, ta saka sakata, ta tokare da turmi. Ta tura mu ƙuryar ɗakinta, bayan kabad ɗin kwanuka. Jikokinta ƙanana suna zaune a kan gado sun zuba mana ido. Ɗakin yana warin turaren wuta. Muka zauna a ƙasa.

Masu tarzomar sun iso kafin azahar. Usur muka fara ji. Sai ƙarar ƙarfe ana jan sa a kan kwalta. Sai ihu. Suka wuce gida biyu, suka tsaya a namu. Aka daki ƙofar da wani abu mai nauyi. Kwanukan kabad ɗin suka yi ƙara a saman kanmu.

“A fito da su!”

Hajiya ta amsa daga tsakar gida. Ta ce babu kowa sai ita da jikokinta.

“Hajiya, mun san gidan nan. Akwai arna a ciki. Za mu dawo da fetur.”

Na san muryar. Yaron layinmu ne. Yana kawo wa Mama ɗinkin ƙannensa.

Suka tafi. Hajiya ta shigo. Ba ta iya kallon Mama ba. Ta ce da ita kaɗai ce da ba za ta bari mu fita ba, amma ga yaran nan. Ta buɗe akwati ta fito da hijabi biyu. Ta saka min ɗaya da hannunta, ta gyara min shi a haɓa. Ta ce idan an tambaya, sunana Rabi, Mama kuma Hajara.

Iliya ya ce mu nufi Kwaciri, gidan Alhajinsa. Ya ce a can babu mai taɓa mu. Mama ta ce Kwaciri da nisa, Sabon Gari kuwa ga shi nan, titi kawai za mu tsallaka. Ta ce a coci Baba zai neme mu, kuma can ne namu suke. Iliya ya saka hularsa ya ce to.

Ana kiran sallar azahar muka fita ta ƙofar baya. Ladanin yana sauri, muryarsa tana karyewa. Iliya a gaba, ni a tsakiya, Mama a baya. Muka bi lungunan da muke wasa a ciki muna yara. Duk ƙofofi a rufe. An ƙona wata adaidaita, ƙarfenta yana ta ƙas-ƙas. Kemis ɗin unguwarmu a fashe, ƙwayoyin magani sun watse a ƙasa, muna taka su suna murƙushewa.

Shingen farko yana bakin lungun da ya fita babban titi. Tayoyi ne da bencina. Samari sun tare wurin da gora da adda da barandami. Da yawansu ba su kai ni shekaru ba. Sun jera mutane a layi. Ana tambayar suna, ana cewa a yi kalmar shahada. Babu damar juyawa, domin wasu sun riga sun rufo mana baya.

Mutum uku ne a gabanmu. Na tsakiyan Emeka ne, mai kemis ɗin nan. Ibo ne, amma a Kano aka haife shi, kuma Hausarsa ta fi tawa daɗi. Duk unguwa Dakta ake ce masa. Babu yaron da bai sha maganin zazzaɓi daga hannunsa ba. Ba su tambaye shi komai ba. Suka janye shi daga layi.

“Kun fa san ni. Ni ne Dakta.”

Ya fara kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya kira na wani, ya kira na babansa. Gorar farko ta same shi a baki. Ya durƙusa. Ya ɗaga hannu ya kare kansa, adda ta sauka a hannun. Suka rufe shi, ban ƙara ganinsa ba, sai ƙafafunsa. Ƙarar da nake ji irin ta dukan buhu ce. Mama ta riƙe wuyan hannuna, farcenta ya shiga fatata. Ta ce a hankali, “Kalli ƙasa.” Na kalli ƙasa. Jini ya gangaro ta gefen kwata ya wuce ta gaban silifas ɗina.

Aka zo kanmu.

“Sunanka!”

“Iliyasu.”

“Yi shahada!”

Ya yi. Bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba. Ya yi shekara da shekaru yana jin ta a shago. Mama ta rufe ido.

Mai tambayar ya juyo kaina. Idonsa ja ne, yana warin fetur.

“Ke fa?”

Na manta sunan da Hajiya ta ba ni. Ya matso. Ya kai hannu zai ɗaga hijabin. Sai wani ya yi magana daga gefe. Sadik ne, abokin Iliya, wanda suke buga ƙwallo tare tun suna ƙanana. Ya sha cin shinkafar Kirsimeti a ɗakinmu. Yana riƙe da gora. Ƙafar wandonsa ta jiƙe da jini. Ya daɗe yana kallon Iliya, Iliya yana kallonsa.

“Ku bar su. Namu ne.”

Ya juya baya. Aka janye benci, muka wuce.

Ban taɓa ganin titin nan babu mota ba sai ranar. Ya yi faɗi. Duwatsu ne ko'ina, da fasassun kwalabe, da takalma. Wata mota tana ci da wuta a tsakiya. A tsallake akwai wani shingen. An kifar da bas, an jera teburan kasuwa da kwanon rufi. A bayansa kawuna ne da yawa.

Na ce wa Mama mu cire hijabin. Iliya ya ce a'a, na baya suna kallonmu, in suka gani za su biyo mu. Ya ce mu bari sai mun matsa. Da muka wuce motar da ke ci, hayaƙi ya raba mu da na baya, sai ya cire hularsa ya jefa a kwata. Kaftanin bai samu damar cirewa ba. An riga an hango mu.

Ya ɗaga hannu biyu sama, ya yi gaba.

“Kirista ne mu! Kirista ne mu!”

Da Hausa ya faɗa. Aka daka tsawa da buroka daga bayan bas ɗin, aka ce mu tsaya a nan. Wani ya yi ihu, “Aboki!” Dutse ya taho ya sami Iliya a goshi. Ya yi tangaɗi amma bai sauke hannu ba. Suka fito ta tsakanin teburan. Su ma samari ne. Su ma adda ce da gora da ƙarafan mota. Suka ja mu ciki.

A bayan shingen akwai gawa biyu an rufe da zane. Wani mutum yana zaune a ƙasa ya rungume wani saurayi da cikinsa ya buɗe. Na ga wannan kafin a tura Iliya ƙasa.

“Sunanka!”

“Iliya.”

Wani ya ce shi Ali ya ji ya ce. Wani ya ce ɗan leƙen asiri ne.

Na fizge hijabin, na yar. Na fara ihu da buroka. Na ce yayana ne. Na ce sunana Rebeka. Na faɗi sunan makarantarmu, na faɗi sunan cocinmu, na faɗi sunan fasto. Wani dogo ya riƙe ni ta baya. Ya kalli gashina, ya kalli siket ɗina. Ya ce ni ya yarda, ni tasu ce. Ya ce amma wannan ya fake da mu ne don ya shigo.

Aka ce Iliya ya yi addu'a in da gaske Kirista ne. Yana durƙushe, jini yana shiga idonsa. Ya fara Addu'ar Ubangiji. Da Hausa muka koye ta, da Hausa ya yi. Bai kai rabi ba wani ya ce karatunsu yake yi. Aka mare shi.

“Da Turanci!”

Ya gwada. Ya faɗi kalmomin farko, sai ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya juyo yana nemana da ido.

Mama ta faɗa kansa tana ihu. Ɗana ne, ɗana ne, ni na haife shi. Hijabin yana jikinta, ta manta da shi. Ba ta jin Turanci, ba ta jin buroka. Duk kalmar da ta fito daga bakinta ƙara tunzura su take yi. Wani ya make ta da fuskar adda, ta faɗi gefe.

Wanda ya fara sara ba babba ba ne. Yana sanye da rigar ƙwallo. A kafaɗa ya same shi. Iliya ya kira Mama sau ɗaya. Sannan ya ce, “Rifkatu, ki faɗa musu.”

Ina faɗa musu. Ban daina faɗa ba. Dogon nan yana riƙe da ni, ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Na faɗa da buroka, na faɗa da Turancin makaranta. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙashi. Na ji numfashin masu dukan. Daga baya sai numfashinsu kawai.

Wata mata ta kutsa cikin taron tana ture mutane. Mai sayar da busasshen kifi ce a kasuwar Sabon Gari, Mama ke yi mata ɗinki. Ta durƙusa ta ɗaga fuskar Mama, ta cire mata hijabin. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. Ta ce ta san matar nan, ta san yaron nan, shi ke kiɗa a cocin Hausawa.

Suka ja da baya. Dogon ya sake ni. Na rarrafa na je wurin Iliya. Idonsa ɗaya a buɗe. Na taɓa ƙirjinsa. Mai rigar ƙwallon yana tsaye a kaina. Ya ce min, a hankali, kamar mai neman in ba shi gaskiya, to me ya sa ya yi shiga irin tasu.

Sai harbi ya tashi daga kan titi. Ta-ta-ta, ya tsaya, ya sake tashi. Wani ya yi ihu, “Soja!” Kowa ya watse. Mai kifin ta kama ni da hannu ɗaya, ta kama Mama da ɗayan. Mama ta riƙe ƙafar Iliya ta ƙi saki. Wasu maza biyu suka ɓamɓare yatsunta. Aka ja mu. Na waiga. Yana kwance tsakanin kwata da wani teburin tumatir.

Harabar cocin da aka kai mu ta cika. Ba tamu ba ce, wata ce mafi kusa. Mata da yara a ƙasa, maza a bakin ƙofa da sanduna. Aka ba mu wuri kusa da katanga. Gefen fuskar Mama ya kumbura. Can sai ta fara kuka, tana kiran sunansa, tana tambayar Allah me ta yi. Na ga kawuna suna juyowa. Wata mata ta ja ɗanta ta matsa. Wani dattijo ya zo ya sunkuyo, ya ce min da Turanci in sa ta yi shiru, ko ta daina wannan yaren, domin zukatan mutane a tafashe suke.

Na matsa kusa da ita. Na ce, “Mama, yi haƙuri.” Ba ta ji ba. Na sa tafin hannuna na toshe mata baki. Hawayenta yana bin yatsuna. Haka muka zauna har inuwa ta juya.

Kafin magariba motocin soja suka zo.

“Mata da yara! Ku hau! Sauri!”

Aka loda mu kamar buhuna. Motar ta bi ta wata hanya, ba ta bakin shingen ba. Na leƙa ta tsakanin katako ina neman titin. Hayaƙi kawai nake gani da shagunan da aka fasa. A wani lungu na ga akuya tana cin kabeji a gaban shagon da ke ci da wuta.

A bariki filin fareti aka zuba mu. Mutane suka rarrabu da kansu. Ibo a gefe guda, Yarbawa a gefe guda, mutanen kudancin Kaduna da na Filato kowa da nasa rukuni. A ɗaya ɓangaren filin akwai Hausawan da aka kwaso daga cikin Sabon Gari, masu shayi da masu facin taya da matansu. Wani soja ya tambaye mu ina mutanenmu suke. Na kalli nan, na kalli can. Na ja Mama muka zauna a bakin famfo, inda babu kowa sai masu ɗibar ruwa.

Da safe Baba ya same mu. Abokansa na tasha ne suka ɓoye shi a cikin wani tsohon tarago, suka zauna a bakin ƙofar suna jan carbi har abin ya lafa. Rediyonsa yana kafaɗarsa. Ya gan mu daga nesa, ya ɗaga hannu. Da ya matso sai ya fara duba bayanmu.

“Ina Iliya?”

Mama ta juya fuska. Ni na faɗa masa. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, “A wane shingen?”

Na ce na biyu.

“Na Sabon Gari?”

Na ce e.

Ya sauke rediyon ya ajiye a ƙasa. Ya zauna a cikin laimar famfon, bai lura da ruwan ba.

An saka dokar hana fita. Muka zauna a bariki muna bin layin abinci. Da aka sassauta dokar, Baba ya fita da sassafe neman gawar. Bai dawo ba sai yamma. Ƙafafunsa sun yi futu-futu. Ya ce an riga an binne shi. Mama ta ce a ina. Ya ce zai faɗa mata in mun natsu.

Washegari muka je Fagge ɗaukar kaya, soja ɗaya ya raka mu. Ƙofar soron Hajiya Gambo ta ƙone, bangon ya yi baƙi. Sun dawo kamar yadda suka ce. Ta buɗe musu don kada su ƙona gidan duka. Ɗakinmu babu komai a ciki. Sun fitar da katifu sun cinna musu wuta a lungu. Kan keken ɗinkin sun tafi da shi, sun bar ƙafafun. Hajiya ta fito ta rungume Mama. Ta leƙa bayanmu, ta tambayi Iliya. Da ta ji, sai ta zauna a kan turmi ta rufe kanta da mayafi. Mutanen layi suna tsaye a ƙofofinsu. Wasu sun ce sannu. Wasu sun shige gida. Ban ga Sadik ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Muka hau motar Zariya. Daga can muka hau wata zuwa ƙauye. Sau biyu kawai na taɓa zuwa garin, ina ƙarama. Dangi suka taru a gidan wan Baba, aka yi kuka, aka yi addu'a. Aka ba mu ɗaki guda. Yara suna leƙe ta taga suna cewa ga Kanawa nan. Har yau haka ake kiranmu a garin. 'Yan matan suna dariyar yadda nake magana. A coci, wasu dattawa suka ce a yi sujadar tunawa da Iliya, a ce ya mutu saboda bangaskiyarsa a hannun masu tsananta wa Kirista. Baba ya ce a yi sujadar, amma kada a faɗi haka. Aka tambaye shi dalili. Ya tashi ya fita.

Alhajin Kwari ya kira wayar Baba bayan an buɗe kasuwa. Ya ce Iliyasu bai fito shago ba, ko lafiya. Ina kusa, na ji salatin da ya yi ta cikin wayar. Ya ce me ya sa ba mu zo gidansa ba. Mama tana bakin murhu, ta ji. Ta tashi ta shiga ɗaki. Tun daga ranar ba ta ƙara taɓa ɗinki ba, ko da allurar hannu. Kunnenta na hagu, inda addar ta same ta, bai sake ji ba.

Sai da aka fara girbin dawa Baba ya faɗa mana sauran. Muna zaune a tsakar gida da yamma, ni da shi da Mama. Ya ce ya bi asibitoci har ya sami inda aka kai gawarwakin titin nan. Ba a iya ajiye su ba, sun yi yawa, ga zafi. Babu takarda a jikin mafi yawansu. Sai aka raba su da ido. Waɗanda aka ga sun yi kama da Kirista aka ba mutanen coci. Waɗanda aka ga sun yi kama da Musulmi aka ba malamai. Wani ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ya ɗauki hotunan fuskokin a wayarsa. Baba ya duba har ya zo kan Iliya. Ma'aikacin ya ce wannan yana cikin na Musulmi. An yi masa sutura, an yi masa salla, an kai shi tare da sauran.

Mama ta ce, “Ka ga kabarin?”

Ya ce ya je maƙabartar. Mai gadin ya nuna masa wata doguwar kunya ta sabuwar ƙasa, daga gindin wata bishiya har kusa da katanga. Babu alama, babu suna. Mai gadin ya tambaye shi ko ɗansa ne. Ya ce e. Mutumin ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Baba ya ce amin.

Mu huɗu ne a ɗakin nan na Fagge. Mu uku muka sauka a ƙauye. Iliya yana Kano. Ba mu san ko ta wajen bishiyar yake ba, ko ta wajen katangar.